Barewata ta farko a dajin Wiskonsin

Kakana na wajen uwa maharbi ne, kuma sunansa na ci. Ban riske shi da ƙarfinsa ba. Abin da na taso na gani shi ne bakansa da kwarinsa rataye a zaure, sai labarin da tsofaffi ke bayarwa na yadda yakan kwana uku a daji ya dawo da gada ko mazo a kafaɗa. Ni kuwa a birni na girma, ban taɓa yanka abin da ya wuce kaza da ragon layya ba. Sai da aiki ya kai ni Madison, babban birnin jihar Wiskonsin a Amurka, na shekara shida a can, sannan na fara riƙe bindigar farauta, ina da shekara 38.

Kowace shekara idan Nuwamba ta raba tsakiya, wurin aikinmu yakan yi fayau, maza da mata sun ɗauki hutu sun shiga daji. Akwai wani dattijo da muke aiki tare, Bature, wanda ya haura 60, yana da gonar gado a yankin tuddai na yammacin Madison. Da a gida ne da shi za a ba Sarkin Baka. Wata rana na ba shi labarin kakana, ya saurara har na gama, sannan ya ce in da gaske nake, in je in yi karatun da doka ta ce, shi kuma zai zauna da ni a daji.

Muna ce wa dabbar barewa ne don babu sunan da ya fi kusa, amma ba irin tamu ba ce. Ta fi girma sosai, macen ma takan kai nauyin babban rago ko ta fi. Namijin ƙahonsa rassa-rassa ne kamar reshen itace, kuma duk hunturu yakan zubar da shi ya tsiro da sabo. Ƙarƙashin wutsiyarta fari ne fat, in ta tsorata sai ta ɗaga shi sama ta zura da gudu. Yawancin sababbin mafarauta wannan farin kaɗai suke gani.

A Wiskonsin duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973 sai ya yi kwas ɗin kiyaye haɗarin bindiga kafin ya yi farauta shi kaɗai. Na zauna aji ɗaya da yara 'yan shekara 12, ana nanata mana ƙa'idoji huɗu har suka zauna mini kamar karatun allo. Ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki. Kada bakinta ya taɓa kallon abin da ba ka nufin harbi. Ka tabbatar da abin da kake saiti da abin da ke gabansa da bayansa. Kada yatsanka ya taɓa kunama sai ka shirya harbi. Lasisin farko dala 5 na biya, domin ana yi wa sababbi rangwame. Sai riga da hula masu ruwan lemo mai ƙyalli, waɗanda dole ne a sa don wani maharbin ya hango ka daga nesa. Ita barewar ba ta bambance wannan launin sosai. Lokacin farauta da bindiga kwana 9 ne, yana farawa ranar Asabar ɗin da ke gaban bikin godiya na Amurkawa, kuma ana harbi ne daga minti 30 kafin fitowar rana zuwa minti 20 bayan faɗuwarta.

Da farko na ga kamar dokokin sun yi yawa. Sai dattijon ya tuna mini cewa wajajen 1900 an kusa ƙarar da wannan barewa a sassa da yawa na Amurka, saboda harbin kasuwa da sare dazuzzuka. Ƙayyade lokaci da adadi ne ya dawo da ita, tare da wata doka ta 1937 da ta sa ana zuba kuɗin harajin bindigogi da harsasai a kula da namun daji. Yau miliyoyi ne. Na yi shiru ina tunanin garin su kakana, inda yanzu za ka wuni a daji ba ka ga ko sawun gada ba. Abin ya yi mini ciwo, har yau ma yana yi.

Kafin in sayi harsashi ko ɗaya sai da na je wurin limaminmu. Ya karanta mini hadisin Adiyyu ɗan Hatim, wanda ke cikin Bukhari da Muslim: ka ambaci sunan Allah lokacin da za ka saki kibiya, in ka tarar da dabbar ta mutu da harbinka, ka ci. In ka same ta da sauran rai, ka yanka. In kuwa ka tarar ta faɗa ruwa ta mutu, kada ka ci, domin ba ka san ko ruwan ne ya kashe ta ko kibiyarka ba. Ya ce malaman da suka zo daga baya sun sa harsashi cikin wannan hukunci, tunda yana huda jiki ya zubar da jini. Na sayi sabuwar wuƙa na wasa ta da kaina.

Sati shida na yi ina zuwa filin koyon harbi da bindigar dattijon, mai lamba 308. Ya ce sai na iya sa harsashi biyar a jere cikin faɗin faranti daga mita 90 zai yarda in saita abu mai rai. Wurin da ake nufa bayan kafaɗar gaba ne kaɗan, inda huhu da zuciya suke. A nan na yanke wa kaina cewa duk abin da ya wuce wannan tazarar ba nawa ba ne.

Ranar buɗewa, Asabar 19 ga Nuwamban 2022, na yi sallar asuba a gefen mota a kan ƙanƙara, iska na yanka fuska. Kuskurena na farko tun kafin in zauna na yi shi. Na jibga kaya, har da singiletin auduga a ciki, na hau tudu da sauri. Kafin mu isa gindin itacen da za mu yi dako na jiƙe sharkaf da gumi, bayan awa ɗaya kuma gumin ya koma sanyi ya shiga ƙashina. Auduga ba ta sakin ruwa. Ulu ake sawa a jikin fata, a riƙe babbar riga a hannu sai an isa wurin zama.

Wajen ƙarfe takwas wata mace ta fito daga bayanmu, ta ɓangaren da iska ke kai warinmu. Ban gan ta ba, sai dai na ji ta fyace da ƙarfi kamar an buɗe tayar mota, ta buga ƙafa a ƙasa, na juya na ga farin wutsiya yana ɓacewa. Dattijon ya ciro 'yar kwalba ya fesa farar hoda a iska, muka ga inda ta nufa. Bai ce komai ba. Barewa za ta iya shakkar abin da ta gani ko ta ji, amma ba ta shakkar hancinta.

Da hantsi sai ga namiji mai ƙaho a kan ƙoƙuwar tudu, yana tsaye a gicciye, bai fi mita 70 ba. Na ɗaga bindiga, na sa shi a madubin saiti, zuciyata na dukan ƙirjina har ina ji a kunne. Bayansa babu komai sai sararin sama. Na san a ƙasan wancan tudun akwai hanya da gidan maƙwabcin gonar, harsashin irin wannan bindiga kuwa yana iya tafiyar kilomita uku ko fiye in bai sami abin da ya tare shi ba. Yatsana na kan ƙarfen da ke kare kunama, ban shigar da shi ba. Na bi shi da ido har ya gangara ta can. Da na sauke bindigar hannuna na rawa, raina kuma a ɓace, don na ga kamar na zubar da rabon da ba zai dawo ba. Dattijon ya dafa gwiwata ya ce, "Yanzu na yarda in bar ka ka zauna kai kaɗai."

Lahadi ba mu ga komai ba. Na koma aiki.

Asabar ta biyu, 26 ga wata, sanyi ya sassauta, ƙanƙarar ta narke. Wannan karon da azahar na shiga, a hankali, iska na bugun fuskata. Na zauna a gindin wani babban itacen oak, ina kallon wani kwari da ke tsakanin daji da gonar masarar da aka girbe, inda muka ga hanyarsu da kashinsu. Na share busassun ganye daga inda ƙafafuna za su zauna don kada su yi ƙara. Na yi la'asar a zaune a wurin tun da wuri. Awa uku ban motsa ba sai idanu. Kurege ya zo har kusa da takalmina yana tonon 'ya'yan itace. Ban taɓa sanin daji yana da surutu haka ba sai da na yi masa shiru.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci na ji taku, ba irin na kurege mai tsalle-tsalle ba, taku ne ɗaya bayan ɗaya da tsayawa a tsakani. Mace ce babba, ita kaɗai, babu ɗa a bayanta. Lasisina ya ba ni izinin mace a wannan yankin. Na jira ta sa kai bayan wani kututture sannan na ɗaga bindiga. Ta fito, ta tsaya a gicciye wajen mita 55, bayanta gangaren tudu ne na ƙasa zalla. Na ga tururin numfashinta, na ga kunnenta ɗaya yana juyawa. Na sauke numfashi rabi, na ce Bismillahi, Allahu Akbar, na matsa kunama a hankali.

Ban ji ƙarar ba, ban ji dukan bindigar a kafaɗa ba. Na dai ga ta yi tsalle ta harba ƙafafun baya, ta ruga cikin kwari wutsiya a ƙasa.

Abin da jikina ke so shi ne in bi ta a guje. An riga an gargaɗe ni cewa dabbar da aka harba in an bar ta takan kwanta kusa, in an kore ta kuwa tana iya yin nisan da ba za a same ta ba. Na sa ido a kan itacen da na gan ta a ƙarshe, na aika wa dattijon saƙo, na duba agogo. Minti 30 ɗin da na yi ina jira ya fi duk kwanakin tsawo. Ba murna nake ba. Tsoro nake ji kada in kasance na raunata baiwar Allah na bar ta tana wahala a cikin duhu, ina ta istigfari.

Da ya iso muka kunna tocila. A inda ta tsaya muka sami gashi da jini ja mai haske, da 'yan kumfa a ciki. Ya ce huhu ne, ba za ta yi nisa ba. Da baƙi-baƙi ne da hanta ce, sai mu ƙara jira. Bin jini a kan jiƙaƙƙen ganye aiki ne na durƙuso, ɗigo nan, shafa a jikin ciyawa can, ni ina tsaye a kan na ƙarshe shi yana neman na gaba. Sai na fara jin ƙarar ruwa a gabanmu, gabana ya faɗi, don na tuna maganar liman. Mun yi kamar mita 60 sai hasken ya sauka a kan farin cikinta. Tana kwance a kan ganye, taku goma kafin rafin, rai ya riga ya fita.

Na durƙusa na dafa wuyanta, da ɗuminta. Gashin ya fi yadda na zata kauri da taushi. Na daɗe a haka. Dattijon ya cire hularsa ya koma gefe, ya bar ni har na yi magariba a wurin.

Sauran aiki ne, kuma a nan ragon layya ya yi mini rana. Na farke cikin a hankali don kada wuƙa ta taɓa tumbi, na fitar da kayan ciki domin naman ya huce da wuri, na ware zuciya. Harsashin ya ratsa huhu biyu. Jan ta zuwa mota a kan tudu ya fi komai wuya, sai da muka huta sau biyar. A daren na yi mata rajista ta waya, don doka ta ce kada a wuce ƙarfe 5 na yammacin washegari. Kan kuma muka kai wurin gwaji. Tun 2002 aka gano wata cuta mai lalata ƙwaƙwalwar barewa a wannan yankin, kusa da garin Mount Horeb, kuma hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman wadda aka samu da ita. Na feɗe, na yanyanka, na rubuta kwanan wata a kan kowane ƙunshi na sa a firiza, na hana kowa taɓawa. Yarana kullum sai sun tambaya. Da sakamako ya fito babu cutar, matata ta yi farfesu a daren, washegari ta yi dambun nama. Naman ba shi da kitse, in ya daɗe a wuta sai ya bushe, wannan ma sai da muka ɓata tukunya ɗaya muka gane.

Na kira mahaifiyata na ba ta labari tun daga farko, har namijin da na bari ya wuce. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Babana, ka dai yi bisimilla?"

Na ce na yi, Inna.

Ta ce, "To, shi kakanka in ya dawo daga daji ba ya shiga gida da cinya biyu. Ɗaya ta maƙwabta ce."

Washegari na ciro cinya ɗaya daga firiza, na raba ta uku. Kashi ɗaya na kai wa liman, ɗaya na ba wasu ɗalibai 'yan Nijar da ke hawa na biyu a gininmu, na ukun kuma na sa a mota na nufi gonar dattijon.