Ƙugiyar da ta cinye mini zango guda

Katin bikin yayata ne ya jawo mini wannan aiki. An kai wa mai buga kati rubutu da Hausa tsaf, da ƙugiyoyinsa, shi kuma ya zaɓi wani zubin haruffa mai lanƙwasa irin na katin aure, kyakkyawa ba laifi. Da kati ya fito sai ga kowane ƙ da ɗ sun fita zakka, sirara, tsaye ƙiƙam kamar soja a tsakiyar 'yan rawa. Zubin da ya zaɓa ba shi da su, kwamfuta ta aro daga wani wuri ta cike gurbi. Muka koma muka yi ƙorafi. Gyaran da ya yi shi ne ya cire ƙugiyoyin gaba ɗaya. Haka aka raba kati ɗari uku ana maraba da "manyan baki". Har yau kawunmu in ya hango mai surutu a taro sai ya ce ga wanda aka gayyata nan.

Shi ya sa ranar da malaminmu na zane ya ce aikin zangon nan kowa zai ƙirƙiro zubin haruffa nasa, ban yi dogon tunani ba. Irin na kanun talla da allon shago yake so, wanda ake karantawa daga nesa, ba na cikin littafi ba. Manyan haruffa 26 na Turanci, ƙananansu, lambobi da alamomin rubutu, cikin sati goma sha biyu. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, in na ƙara da namu fa?" Ya ce ƙari ba ya ƙara maki, amma bai hana ba. Na lissafa a raina: Ɓ, Ɗ, Ƙ da ƙananansu, shida ke nan. In na gama sauran sai in ɗauki b da d da k in maƙala musu wutsiya a ka, aikin yamma ɗaya. Allah sarki.

Yunƙurina na farko abin kunya ne, amma zan faɗa. Na ɗauko wani zubi mai kauri da na saba gani, na kwaikwayi ƙirarsa, na cusa Dagin Arewa a cikin O, na dasa wa kowane harafi zanko a ka irin na soron gargajiya. Na kwana biyu ina jin kaina. Malam ya tsaya gaban takardar ya daɗe, sannan ya ce, "Bature ka sa wa babbar riga. Cire rigar mu ga me ya rage naka." Ba abin da ya rage. Ajin ya yi dariya, ni ma na yi, ta yaƙe.

Abin da ya cece ni tasha ce. Akwai wani dattijo mai rubuta bayan motoci a bayan tashar da nake hawa mota in za ni gida, na sha wuce shi ban taɓa tsayawa ba. Ranar wata Asabar na je na durƙusa na gaishe shi na ce, "Baba, kallo na zo yi, in ba damuwa." Ya nuna mini wani tsohon galan na zauna. Yana rubuta "Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo" a bayan wata babbar mota. Layi biyu kawai ya ja da alli, na sama da na ƙasa. Ba ma'auni, ba komai. Buroshinsa mai faɗin baki ne, kuma tun daga harafin farko har na ƙarshe bai sauya karkatar hannunsa ba, shi ya sa inda layi ya sauko sai ya yi kauri, inda ya gitta sai ya sirance, ba tare da ya yi dabarar komai ba.

Da ya zo kan ƙ na "ƙasa" na miƙe tsaye. Ina jiran ya rubuta k ya dawo ya ɗora mata ƙugiya. Ashe daga ƙugiyar yake farawa. Ya ɗora buroshi a sama ta dama, ya zagayo hagu, ya sauko har ƙasa a tashi ɗaya bai ɗaga hannu ba. Haka ya yi wa ɗ na "faɗo". Na ce, "Baba, ashe ba daga baya ake sa ta ba?" Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa. Ya ce, "Yaro, kan mutum daga baya ake sa masa?"

Na koma gida na feƙe alƙalamin kara irin wanda muka yi rubutun allo da shi, sai dai na bar bakinsa da faɗi, na samo tawada da kwalayen taliya, na yi ta rubutu. Da ƙ da ɗ da ɓ na fara. Da suka zauna, sai na lura ƙugiyarsu ta riga ta faɗa mini yadda kan f zai lanƙwasa, da yadda wutsiyar j da y za su ƙare, da bakin r da c. Wato haruffan da na ɗauka a matsayin cikon benci su suka zama ma'aunin sauran. Zankon nan ma bai ɓata ba gaba ɗaya: ƙarshen kowace ƙugiya na yanke shi a karkace da ɗan tsini, wanda ya san zanko zai gane, wanda bai sani ba ba abin da zai dame shi. Sunan da na sa wa zubin ke nan, Zanko.

Littattafan koyon wannan sana'a duk suna cewa ka fara da n da o a ƙanana, H da O a manya, don daga jikinsu ake yanko yawancin sauran. Gaskiya ne, na bi. Amma akwai abin da ba su san da shi ba game da mu. Na ɗauki shafi guda na wata tsohuwar jaridar Hausa na ƙirga da biro, na tarar kusan kowane harafi na huɗu ko na biyar a ne. Dubi "Barka da asuba" ko "Allah ya ba da sa'a". In a ɗinka ta yi muni, rubutun Hausarka duk ya yi muni, ko da sauran sun yi kyau kamar me. Na zana a sau goma sha tara. Su kuwa p da q da v da x, da ba mu cika hulɗa da su ba, na yi musu abin da ya sauƙaƙa don cika sharaɗin Malam.

Shigar da su kwamfuta wani karatu ne daban. Manhajar zana haruffa ta Glyphs da ƙwararru ke yabo sai a kwamfutar Mac take aiki, ni kuwa tsohuwar laftof ɗin yayana nake ja, don haka FontForge na sauke, kyauta ne. Fuskarsa kamar an ƙera shi tun ina cikin zani, kuma sau biyu yana rufewa da aikina, amma yana yi. Kowane harafi yana zaune a fili mai awo 1000. Na ba manyan haruffa tsayin 700, ƙanana 520, kaurin sanda 150. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ido maƙaryaci ne. In ka yi O daidai tsayin H, sai ka ga O ta fi gajarta. Dole ka bar ta ta ɗan haura layi sama da ƙasa, ni na ba ta 12, sannan ido ya yarda sun yi daidai. Haka sandar da ta kwanta, in kaurinta ya kai na wadda ke tsaye sai ta zama kamar ta fi ta ƙiba. Baba mai fenti bai taɓa jin waɗannan lambobi ba, amma da na koma na duba hotunan da na ɗauka, duk O ɗinsa sun haura alli.

Sai rigimar ƙugiyoyi a zubi mai kauri, wadda ita ta ci rabin zangon. Ƙaramar ɓ, in ka zagaya ƙugiyarta sosai, lamba 6 take komawa. Na buga "ɓera" na nuna wa ƙanwata 'yar aji huɗu, ta karanta "shida era". Na miƙar da bayan harafin, na gajarta ƙugiyar, na bar kusurwa a ƙasa ta hagu inda sanda ke haɗuwa da tumbi, ita kuma 6 na karkatar da wuyanta. Babbar Ƙ tata ƙugiyar a hannun dama na sama take, kuma in ta lanƙwaso da yawa sai ta rufe ta zama R. Su Ɓ da Ɗ kuwa tasu ta hagu take leƙowa, tana barin rami a ƙarƙashinta, sai ka ga kalmar kamar ta matsa ciki ta bar 'yan uwanta a farkon layi.

Amma uwa uba ita ce ɗi. Ƙugiyar ɓ da ta ƙ a kan jikinsu suke rusunawa, ba su shiga gonar kowa. Ta ɗ kuwa waje take fita ta dama, daidai inda ɗigon i yake zaune. Ka tuna kalmomin da ke da wannan haɗi: kuɗi, daɗi, faɗi, haɗi. Wane allon shago ne zai rayu ba kuɗi ba daɗi? A zubina na farko ƙugiya da ɗigo sun haɗe sun zama dunƙule guda kamar ƙwallon dawo. Na buɗa tazara tsakaninsu, sai "kuɗi" ta rabe biyu, "kuɗ" a nan "i" a can. Na gwada dabarar da Turawa ke yi wa f da i, inda ake haɗe su kan f ya zama shi ne ɗigon. A takarda ta burge ni, amma mutum uku cikin biyar da na nuna wa sun yi tuntuɓe a kai. A ƙarshe na zana wata ɗ ta biyu mai gajeriyar ƙugiya, na rubuta wa zubin umarni cewa duk inda i ta biyo baya ya sauya da ita. Layi biyu ne kacal na umarni, amma sai da na yi kwana huɗu kafin ya yi aiki. Bayan nan na bi ta kan masu ninki, ina gwaji da "ƙaƙƙarfa" da "ɗaɗɗaya" da "ɓaɓɓake", kalmomin da ba za ka taɓa samu a jerin gwajin da ke zuwa da manhaja ba.

Wani abin da ya ba ni haushi da na bincika shi ne ba sabuwar matsala ba ce, kuma ba wai babu mafita ba. Da waɗannan haruffa ake buga Hausa tun shekarun 1930, zamanin da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939. A shekarun 1980 an yi aikin samar da zubi guda da zai ɗauki harsunan Najeriya, har Hermann Zapf, Bajamushen nan da ya zana zubin Palatino, ya sa hannu a ciki. Kowane harafinmu yana da lambarsa a Unicode, tsarin da kwamfuta ke gane haruffa da shi: ƙ tana 0199, ɗ tana 0257, ɓ tana 0253. Zubi irin su Noto na Google da Andika da Charis na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL duk suna da su, har SIL ɗin sun yi wani mai suna Alkalami don ajami, bisa salon rubutun hannu na Kano. Na karatu dai akwai. Inda aka bar mu a baya shi ne na ado, na kati da fosta da bana, inda mai zane ke son abu mai kwalliya. Nan ne za ka buɗe zubi ɗari ka samu biyar masu ƙ, kuma a cikin biyar ɗin uku an maƙala ta ne kamar yadda na so yi da farko.

Saura sati biyu wani abokin karatuna ɗan Damagaram ya leƙa laftof ɗina ya ce, "To mu ina namu?" Na manta shaf cewa a Nijar ƴ suke rubutawa inda mu muke sa 'y. Na zana ƙaramar a daren, babbar kuma na yi ta a gurguje, har yanzu ba ta gamsar da ni ba, kamar bishiyar da iska ta karya wa reshe. Shi ya tuna mini da waƙafin sama na 'ya'ya da sa'a, wanda a wurinmu harafi ne mai aiki, don haka na ƙara masa kauri yadda ba zai ɓace daga nesa ba. Na ƙara ₦, tunda allon shago ba farashi ba allo ba ne.

Ranar gabatarwa kowa ya manna nasa a bango. Wasu sun yi abubuwan ban sha'awa, akwai wadda ta yi nata da zanen lalle, ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Malam ya sa muka koma ƙarshen ɗaki muka karanta daga can. Ya ce S ɗina tana faɗuwa ta baya, kuma tazarar da ke tsakanin T da a mota za ta wuce. Duka biyun gaskiya ne. A kan ƙugiyoyin bai ce komai ba, sai da zai wuce ya ƙwanƙwasa "kuɗi" da bayan biro ya gyaɗa kai. Na samu B.

Wanda ya fara amfani da Zanko a waje innata ce, mai tuyar ƙosai a ƙofar gida. Na buga mata bana ƙarama, "Ƙosai da koko, akwai daɗi", na ɗaure a jikin rumfarta. Na ɗauki hoto na kai wa Baba mai fenti a tasha. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da fuskarsa, ya ƙanƙance ido, ya ce Ƙ ɗin ta yi, amma s ɗin nan yunwa take ji. Na gyara S babba da ƙarama a satin da ya wuce. Babbar Ƴ ce ta rage, da tazarar wasu haruffa wajen arba'in da na jera a bayan littafina, kafin in sake shi kyauta ga duk mai buga katin da yake so.