Laraba: daga Delhi zuwa Baranasi a jirgin ƙasa na dare

Tun da la'asar na bar masauki, domin Delhi ba tasha ɗaya gare ta ba. Akwai New Delhi, akwai tsohuwar tashar Delhi, ga Hazrat Nizamuddin, ga Anand Vihar, kuma idan hanya ta cushe, tsakaninsu tafiya ce mai cin lokaci. Haruffan da ke kan tikiti su ne alƙali: NDLS na nufin New Delhi, NZM kuwa Nizamuddin. A kan allon tasha ma lambar jirgi ake nema, mai alƙaluma biyar, don sunayen jiragen na yawan kama da juna.

Tikitina na ajin 3A ne, mai kwandishan, taragonsa na ɗauke da harafin B. Kowane ɓangare gadaje takwas ne: shida masu hawa uku suna fuskantar juna, biyu kuma a gefen hanyar wucewa. An kawo zannuwan gado biyu, matashi da bargo. Ni dai gadon sama nake zaɓa. Na ƙasa kujerar kowa ce da rana, na tsakiya kuma a naɗe yake zama, ƙa'ida ba a sauke shi sai ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Wanda ke sama yana kwanciya duk lokacin da ya ga dama. Wahalarsa hawa ne kawai, sai sanyin kwandishan da ke dukan fuska.

Wani matashi a gefenmu tikitinsa RAC ne, shi da wani fasinja suka raba gadon gefe na ƙasa, a zaune. RAC tikiti ne da ke ba mutum damar shiga jirgi da wurin zama, ba tare da cikakken gado ba, sai in wani ya fasa tafiya. WL kuwa jerin jira ne, kuma idan an fitar da jerin fasinjoji na ƙarshe tikitin da aka saya ta intanet yana nan a WL, soke shi ake yi a mayar da kuɗi. Ana buɗe sayar da tikiti kwana 60 kafin tafiya. Wanda ya makara sai ya jira Tatkal, wato tikitin gaggawa, da ake buɗewa ana gobe tafiya, ƙarfe 10 na safe ga ajin kwandishan, kuma nan da nan yake ƙarewa.

Jaka ta shiga ƙarƙashin gadon ƙasa, na ɗaure ta da sarƙa da kwaɗo a zoben ƙarfen da ke wurin. Fasfo na jikina, mai duba tikiti ya nemi ganinsa.

Yanzu jirgin rarrafe yake yi. Watan Janairu ne, hazo ya rufe arewacin Indiya, direba ba ya hango fitilun hanya daga nesa, dole ya rage gudu. A Disamba da Janairu lattin sa'o'i da dama ba abin mamaki ba ne, shi ya sa ban sayi tikitin wani jirgi na gobe ba, sai na jibi.