Laraba, ranar da Malam ya bar mini ɗaurin jijiya

Sha ɗaya na dare ta wuce, ƙafafuna sai zogi suke, amma ina so in rubuta aikin yau tun bai dusashe a kaina ba.

Majinyacinmu dattijo ne ɗan shekara 71, mai ciwon suga da hawan jini, ga sankara a dubura, wadda ita ce muka yi tiyatar cirewa yau. Da safe da na je duba shi ya riƙe hannuna ya ce, "Likita, ledar bayan gidan nan da za ku sa mini a ciki, ta har abada ce?" Na ce, "A'a Baba, ta ɗan lokaci ce, sai ɗinkin hanjinku ya kama, in Allah ya yarda."

Muna buɗe ciki Malam, babban likitan da nake koyon tiyata a hannunsa, ya ja da baya, ya ce, "Yau kai za ka ɗaure." Gabana ya faɗi, don shekara biyu ke nan ina riƙe masa ƙarfe ina kallo.

Jijiyar da ake magana ta jini ce, muna kiranta IMA, daga aota (babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya) take fitowa, santimita uku zuwa huɗu kafin aotar ta rabu biyu ta nufi ƙafafu. Reshenta na farko yana hawa ta hagu ya shayar da babban hanji, ragowar ta gangara dubura. Kaluluwar da sankara ke bi ta yaɗu kuwa a jikinta take jere har gindi. Tun 1908 ake ja-in-ja a kan inda za a ɗaure ta. A cikin likitocin tiyata na Birtaniya, Miles a ƙasan reshen hagu yake ɗaurewa, wato ɗaurin ƙasa, Moynihan kuwa ya ce a hau can gindinta kusa da aota a kwashe komai, wato ɗaurin sama. Har yau ba a rufe zancen ba.

Ni ɗaurin sama na nufa, don shi na fi gani, kuma yana sakin hanji ya sauko ƙugu ba tare da an ja shi ba. Ina miƙa hannu Malam ya ce, "Dakata. Ina bututun fitsarin hagu?" Na laluba na same shi kwance a baya, na ɗan taɓa shi, ya motsa kamar tana. Sai ya nuna mini wasu siraran zaruruwa farare da suka lulluɓe gindin jijiyar. Su ke kai saƙo ga mafitsara da al'aura. Wanda ya ɗaure daf da aota ya haɗa da su, to mutum zai iya warkewa daga sankara ya koma gida da matsalar fitsari da ta iyali, abin da maza da yawa ba sa iya buɗe baki su faɗa mana a asibiti. Shi ya sa ko ɗaurin saman ma ake barin santimita ɗaya ko biyu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Ya ce in taɓa jijiyar da yatsa. Na ji ta da tauri kamar kara, shekaru da suga sun yi aikinsu. Muka matse gindinta da ƙarfe mai taushi na wucin gadi, muka koma muna jin bugun ƙaramar jijiyar da ke bin gefen hanji, ta Drummond. In an yi ɗaurin sama, ita ce babbar hanyar da ke kawo jini daga can sama, kuma a kwanar hanji kusa da saifa takan sirance a wasu mutane. Bugun ya yi rauni a ƙarƙashin yatsana, launin hanjin ya fara dishi-dishi. Muna sakin ƙarfen ya dawo jajir. Malam bai ce komai ba, kallona kawai ya yi. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ƙasa za mu ɗaure, mu bar masa reshen hagu." Ya gyaɗa kai.

Wannan hanya ta fi cin lokaci, don sai da na fere kitse da kaluluwar da ke kewaye da gindin, na bar jijiyar tsirara har inda ta yi reshe. Sannan na ɗaura zare biyu a ɓangaren da zai zauna, ɗaya na soke da allura don kada ya zame, ɗaya kuma a ɓangaren da za a cire, na yanka tsakani. Ba ɗigo. Jijiyar da ke mayar da jini kuwa can sama muka ɗaure ta, ƙarƙashin fankiriyas (gaɓar da ke bayan tumbi), hanjin ya samu tsawo.

Sauran aikin Malam ya yi da kansa: ya ɗago duburar da rigar kitsenta ɗungurungum ba ɓula, yadda likitan tiyata Heald ya bayyana a 1982. Kafin mu haɗa hanjin muka tsaga jijiyar gefe, jini ja ya yi tsartuwa. Ban taɓa jin daɗin ganin jini irin na yau ba. Muka cika ƙugu da ruwa, muka hura iska ta ƙasa, ko kumfa ɗaya bai taso ba, alamar ɗinkin ba ya yoyo.

Ban ce ɗaurin sama kuskure ba ne. Da matashi ne mai lafiyayyun jijiyoyi, ko da mun ga kaluluwa ta kumbura a gindin, da can za mu hau. Na karanta binciken da aka yi a Italiya aka buga a 2019, inda masu ɗaurin ƙasa suka fi samun lafiyar fitsari da ta al'aura, amma yau a yatsana na ji dalilin.

Da daddare na leƙa shi. Ya farka, fitsari na zuwa daidai, bakin hanjin da ke cikin leda jajir. Ya tambaye ni ko an cire abin duka, na ce mun cire, saura mu ji daga ɗakin gwaji, inda muke fatan su ƙirga kaluluwa aƙalla 12. Yoyon ɗinki yakan bayyana ne wajen kwana na biyar zuwa bakwai, don haka na roƙi ma'aikaciyar jinya ta kira ni in zazzaɓi ya taso ko bugun zuciyarsa ya ƙaru, ko ƙarfe nawa ne.