Talata, mako na bakwai: ɗayan da na manta

Tun ƙarfe biyar da rabi idona biyu, kuma abin da ya fara faɗo min a rai shi ne aikin da ya ƙi yi jiya da dare. Yau mako bakwai ke nan da fara digirina na biyu a kimiyyar kwamfuta, irin wanda aka tsara wa mutanen da digirinsu na farko ba na kwamfuta ba ne. Ni ilimin harshe na karanta. A ajinmu akwai lauya, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai akantoci biyu, da wani dattijo da ya karanta tarihi. A takardar ɗaukar ɗalibai cewa aka yi ba sai ka san komai ba kafin ka zo. Ba ƙarya suka yi ba, amma sun manta su ƙara da cewa ginshiƙan abin da wasu ke karantawa a shekara uku ko huɗu, mu ɗura mana za a yi cikin wata goma sha biyu.

Aikin dai ba wani babba ba ne. An ba mu jerin lambobi a tsare, daga ƙarama zuwa babba, aka ce mu rubuta 'yar manhaja da Python, harshen rubuta wa kwamfuta umarni, da za ta nemo lamba ɗaya a ciki ta hanyar raba jerin biyu-biyu. Ka duba ta tsakiya. In wadda kake nema ta fi ta girma, ka watsar da rabin farko, in ba ta kai ta ba, ka watsar da na ƙarshe, ka sake duba tsakiyar abin da ya rage. Ranar da aka koya mana har sai da na yi murmushi ni kaɗai, don jerin da ke da abu miliyan ɗaya, dubawa 20 ta ishe shi, tunda in ka ninka 2 da kanta sau 20, abin da za ka samu shi ne 1,048,576. Na fahimta sarai, zan iya yi wa yaro bayani. Amma da na rubuta, sai kwamfutar ta yi tsaye cak, ba amsa, ba saƙon kuskure, fankarta kawai ke ta huci. Sau tara ina kashewa ina sake kunnawa, kamar a na goma za ta ji tausayina.

Da ƙarfe goma na kai ƙara wajen malamin da ke kula da mu a ɗakin gwaji. Ko kallon allon bai yi ba, ya sa hannu ya rufe kwamfutar, ya turo min farar takarda.

"Malama, yau ke ce kwamfutar. Rubuta lambobi biyu kacal, 4 da 9, ki nemo min 9. Amma abin da kika rubuta za ki bi, ba abin da kike nufi ba."

Na ce, "Malam, ai ga 9 ɗin nan ina kallonta."

Ya ce, "Ke kike kallonta."

Na bi a hankali. Ƙasa, wato alamar farkon inda nake nema, tana gurbi na 0, sama, wato alamar ƙarshensa, tana gurbi na 1 (har yanzu wannan ƙirga daga sifili bai zauna min ba). Tsakiya ta faɗa kan 0, wato 4. Tara ta fi huɗu, don haka na matsar da ƙasa zuwa tsakiya, wato 0. Inda take tun farko! Na sake zagayawa, 0 dai. Kunya ta kama ni. Ashe cewa ya kamata in yi tsakiya da ƙarin ɗaya, tunda na riga na duba tsakiyar. Wannan ɗayan shi ya ci min dare guda da rabin safiya. Na gyara, na danna, amsa ta fito kafin in ɗage yatsa.

Abin da ke ba ni wahala a karatun nan ba haddace kalmomin Python ba ne, waɗannan sati biyu sun isa. Shekara huɗu aka yi ana koya min cewa mai sauraro yana cike gurbin abin da mai magana ya bari, yana gane nufi ko da an yi tuntuɓen harshe. Yanzu ga ni gaban mai sauraron da ba ya cike komai, abin da ka faɗa shi zai yi ko da zai kwana yana yi.

Da rana na shiga lacca jiki ba ƙwari, sai ga abin mamaki. Malamar ta rubuta 2 + 3 × 4 a allo, ta zana bishiya biyu a ƙarƙashi, ɗaya ta ba da 14, ɗaya 20. Ta ce kafin kwamfuta ta aiwatar da umarni sai ta feɗe shi da ƙa'idojin nahawu, kuma nahawun da ya bar jimla ɗaya da bishiya biyu ba a yarda da shi. Na gyara zama. Wannan ai bishiyar li'irabi ce, da yankin suna da yankin aiki, abin da na zana har hannuna ya yi kanta! Harshen damo kawai take nufi. Da ta ambaci masanin harshe Noam Chomsky da rabe-raben nahawu da ya fitar a 1956, saura kaɗan in tafa. Karo na farko tun da muka fara, ni ce na ɗaga hannu kafin kowa, kuma akantocin nan da ke gama aikin lissafi ina kan tambaya ta biyu suka juyo suna kallona.

Bayan lacca dattijon nan mai tarihi, da ba ya rabo da tone-tone, ya tare ni a bakin ƙofa. Ya ce, "'Yata, kin san mu ba baƙi ba ne a fagen nan?" Ya ce kwas ɗin difloma da Jami'ar Kambirij ta buɗe a 1953, wanda ake lissafawa cikin na farko-farko a duniya, masu digiri a wasu fannoni yake ɗauka, don a lokacin babu mai digirin kwamfuta da za a ɗauka. Tony Hoare kuma, mai dabarar tsara jerin lambobi ta Quicksort da za mu yi mako mai zuwa, Latin da Girkanci da falsafa ya karanta a Okasford. Na ce, "Baba, na ji, amma shi ba a ce ya miƙa aiki ranar Juma'a ba." Ya yi dariya har da riƙe bango.

Duk da haka ba zan yaudari kaina ba. Lacca ɗaya ce ta zo daidai da abin da na sani, saura kuwa suna nan suna jirana, musamman lissafi. Tun sakandare rabona da shi, yanzu an ce in kafa hujja cewa jimillar lambobi daga 1 zuwa n daidai take da n sau (n da ɗaya), a raba biyu. Na gwada da 10 ya ba ni 55, na gwada da 100 ya ba ni 5,050, na ce to ai shi ke nan. Aka ce gwaji ba hujja ba ne.

Ɗazu ɗaya daga cikin akantocin ta turo min saƙo: "'Yar'uwa, bishiyoyin nan sun sha min kai. Ki koya min gobe, ni kuma in zauna da ke kan hujjar." Mun tsayar da ƙarfe takwas a laburare. Na sa takardar 4 da 9 ɗin a cikin littafina, yanzu sha ɗaya saura, kuma ban buɗe tambaya ta uku ba.