Hayar gajimare: lissafin da ban yi ba

Ranar da na gama yi wa Alhaji bayanin yadda za mu kwashe lissafin kamfani gaba ɗaya mu mayar da shi kan gajimare, wato kwamfutocin wani kamfani da ake amfani da su ta intanet, tambaya ɗaya ya yi mini: "To Injiniya, littafin nawa a ina zai riƙa kwana?" Na yi murmushi irin na yaron da ke ganin ya san abin da babba bai sani ba, na ce, "Ranka ya daɗe, ko'ina yake, kuma ba ya ɓata." Ya dube ni ya ce, "Abin da yake ko'ina ai ba ya hannun kowa." Ya sa hannu dai a takardar, don ya yarda da ni. A tsakiyar 2021 ke nan. Sai da na kwashe shekara uku kafin na iya amsa waccan tambayar, kuma da kuɗinsa na koyi amsar.

Ƙannena masu fitowa daga makaranta da takardar ilimin kwamfuta, ku nake wa wannan magana, don na san cikinku da yawa za su faɗa irin wurin da na faɗa: kamfanin ɗan kasuwa, makarantar kuɗi, asibitin unguwa, inda kai kaɗai ne "mai kwamfuta", kuma duk abin da ka ce shi ke nan.

Namu kamfanin na sarin kayan masarufi ne a Kano, sukari da madara da taliya da man girki, da rassa a Zariya da Katsina da Gusau. Sabarmu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da lissafin kamfani, tana ƙarƙashin matakalar bene, cikin wani ɗaki marar taga. Da hunturu ƙura ta cika ta, da bazara zafi ya sa ta kashe kanta tsakar rana. A ɗauke wuta, inbata ta yi kuka, a ruga a tada janareto. Ga fargabar gobara, don duk ɗan kasuwar Kano bai manta da wadda ta cinye Kasuwar Sabon Gari a 2016 ba. Dalilan tashi daga wannan ɗaki na gaske ne, har gobe ba na musu. Amma akwai wani dalilin da ban rubuta a takardar ba: ina son in ce ni ma na yi aikin gajimare, in sa a takardar neman aiki, in shiga sahun abokaina na Legas. Wannan kwaɗayin ne ya riƙe mini alƙalami lokacin da nake lissafi. Kafin ka ba mai gida shawarar sauya komai, fara tambayar kanka wa abin zai amfana, shi ko kai.

Da wani ya zaunar da ni ya ce mini gajimare haya ce, da na fahimta tun da wuri. Kwamfutar wani ce, a ginin wani, a ƙasar wani, kana biya gwargwadon abin da ka ci. Tun 2006 da Amazon ya fara wannan sana'a haka take, sai dai kwalliya da ta ƙaru. Kuma duk wanda ya taɓa kama shagon haya a Kantin Kwari ya san abin da ake tambaya kafin a biya: nawa ne, da wane kuɗi, hanya tana kaiwa ƙofar, mabuɗi a hannun wa, in na tashi fita yaya zan kwashe kayana. Ni ban tambayi ko ɗaya ba. Ƙarfin inji na duba, da faɗin ma'aji.

Hanya ce ta fara kayar da ni. Wata uku da komawarmu, a farkon Satumban 2021, gwamnati ta rufe layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Manhajar da na kafa ba ta buga ko rasit ɗaya sai da intanet. Reshenmu na Gusau ya wayi gari da kaya cike da sito, masu saye a ƙofa, kwamfuta tana ta juya ɗan da'irar nan. Ko waya ba za su iya yi mini ba su ce ga halin da ake ciki. Direban motarmu ne ya kawo mini labari a baki, kwana biyu bayan nan.

Abin da ya cece mu shi ne dattijon da ke riƙe da siton Gusau, wanda kowa ke ce wa Baba. Lokacin da na je koya musu sabon tsari na ce masa ya ajiye littafinsa, zamaninsa ya wuce. Ya ce, "To, ɗana." Ashe bai ajiye ba. Kullum bayan la'asar sai ya zauna ya kwafe abin da ya shiga da abin da ya fita, da biro ja da shuɗi. Da wannan littafi aka yi ciniki har layi ya dawo, ni kuma na kwana huɗu ina shigar da rubutunsa cikin kwamfuta, ina jin kunya a kowane shafi. Bai taɓa ce mini komai a kai ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Ba sai an rufe layi ba ma. Wayar ƙarƙashin ƙasa ana yanke ta wajen aikin titi, hadari ya taso sabis ya yi ƙasa, ranar kasuwa mutane su yi yawa a kan turke ɗaya. Je ka reshen da ya fi kowanne nisa, ka zauna a kujerar kashiya ranar da aka fi cika, ka gwada da irin layin da suke da shi. Abin da ka gani a nan shi ne ƙarfin tsarinka. Ni a ofishina na gwada, a Kano, da layi mai kyau, da ƙarfe goma na dare.

Sai kuɗi. A nan ne na fi daɗewa ina cizon yatsa, don lissafi ne mai sauƙi da ɗan aji uku zai iya. Hayarmu ta kama kusan dala 400 a wata. Na buga da farashin banki na lokacin, wajen naira 410, ya ba ni 164,000. Na jera kusa da kuɗin dizal da batir da gyaran saba, gajimare ya fito da sauƙi, Alhaji ya gyaɗa kai. Ban kawo a raina cewa mu da naira muke ciniki, mai gidan haya kuma dala yake karɓa ba.

A 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka rufe ɗungurungum. Hayar dala 400 da katin dala 20! Muka koma buɗe asusun dala, akanta ya riƙa zuwa Wapa wajen 'yan canji duk ƙarshen wata, a farashin da kafin ƙarshen shekarar ya haura 700. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta, zuwa Fabrairun 2024 dala ta wuce 1,500. Hayar nan da ba ta ƙaru da ko sisi ba a wajen masu ita, a wajenmu ta tashi daga 164,000 ta koma 600,000. Ribar katan ɗin taliya kuwa ba ta ninka huɗu ba. Duk wata in akanta ya kawo takardar, sai ya ajiye ta a teburina tukuna kafin ya kai wa Alhaji, wai in sa albarka.

In adalci za a yi, da mun zauna a ɗakin ƙarƙashin bene ma ba mu tsira ba. Dizal ya yi tsada, batir da kayan gyara duk da dala ake shigo da su, kuma a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit. Bambancin shi ne saba in ka saye ta ka saye ta, in wata ya yi tsanani ka lallaɓa ka jinkirta gyara. Haya ba ta san tsanani ba. Ka makara, a aiko maka da gargaɗi, ka ƙara makara, a rufe ƙofa da kayanka a ciki. Saboda haka in za ka rubuta wa mai gida lissafi, rubuta shi sau uku: a farashin yau, da in dala ta ninka biyu, da in ta ninka uku. In ya ga na ukun ya ce zai iya, to da idonsa ya shiga.

Akwai kuma ɓarnar da ba ruwan dala a ciki, tawa ce zalla. Na tada wani inji don gwaji, na gama na manta ban kashe ba. Wata biyar yana aiki ba mai amfani da shi, mita tana juyawa, kamar ka bar famfo a buɗe ka yi tafiya. Akwai wurin da ake saita gargaɗi in kuɗi ya kai wani adadi, kyauta ne, minti biyar ake yi. Ban saita ba.

Mabuɗi ma a aljihuna na bar shi. Da imel ɗina na buɗe asusun, lambar shiga kuma wayata take zuwa. Ban ga aibun haka ba sai da aka fizge mini waya a cikin adaidaita, aka yi kwana uku kafin in dawo da layin. Kwana ukun nan ba mai iya shiga ya taɓa komai, har ni. A nan na gane cewa da mutuwa na yi, da dukiyar mutum ta bi ni kabari. Amana ce aka ba ni na mayar da ita mallaka ba tare da na sani ba. Yanzu asusun da sunan kamfani yake, mutum biyu ke da ikon shiga, kuma akwai ambulan da aka liƙe a cikin sef ɗin Alhaji. In ka ji ranka yana son a ce ba mai iya komai sai kai, ka ji tsoron wannan ran.

Kuma da na ce masa "ba ya ɓata", ƙarya na yi bisa jahilci. Wata uku kacal kafin in faɗi haka, a Maris ɗin 2021, gobara ta cinye ginin ajiyar bayanai na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma waɗanda ba su da kwafi a wani wuri sun yi asarar abinsu. Mai gidan haya gini yake tsarewa da wuta da injuna. In kai ka goge da hannunka, ko ka bar kalmar sirri a banza ɓarawo ya shiga, wannan naka ne, kuma haka yake rubuce a yarjejeniyar da duk muke latsa amincewa ba mu karanta ba. Kwafin da ba ka taɓa gwada dawo da shi ba, kar ka kira shi kwafi.

Tambayar Alhaji kuwa ashe har doka ta yi ta. Shi abin da ke ransa littafin bashi ne: wane ya karɓi kaya, nawa ake bin sa, yaushe ya yi alkawari. Asirin mutane ne, kuma ɗan kasuwa da rufin asiri yake riƙe abokan ciniki. Tun 2019 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ta fitar da ƙa'idar kare bayanan jama'a, a Yunin 2023 kuma aka sa hannu a cikakkiyar doka, aka kafa hukumar kare bayanai, NDPC, kuma dokar ta yi sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa. Ni na zaɓi Turai ne kawai don na ga ta fi araha a jerin. Sunaye da lambobin wayar ɗaruruwan 'yan kasuwa na tura can ba tare da na tambayi kowa ba. Wanda ke aiki a asibiti ko wurin hada-hadar kuɗi, nauyin da ke kansa ya fi nawa nesa ba kusa ba.

Ranar 14 ga Maris, 2024, a makon farko na azumi, lokacin da sukari da madara ke tafiya kamar ruwa, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa: WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Bankuna suka rikice, tura kuɗi ya gagara a wurare da yawa. A wannan karon ba mu tsaya ba, don bayan abin Gusau na haɗiye girman kai na sake tsarin. Kowane reshe yana da ƙaramar kwamfuta da ke buga rasit ko da layi ko babu, in layi ya samu ta aika abin da ta tara. A gajimare muka bar abin da ya cancanci haya: tattara lissafin rassa, da kwafin ajiya, da rahoton da Alhaji ke dubawa a wayarsa ko yana Umara. Wannan na ƙarshen shi ya fi komai burge shi, kuma gaskiya saba ta ƙarƙashin bene ba za ta taɓa ba shi haka cikin sauƙi ba. Daga baya hayar ta sauko ƙasa da rabi.

Ku kun tarar da fili ya fi namu faɗi. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa na ajiyar bayanai a Afirka ta Kudu tun 2019, Amazon a 2020, Google a 2024. A Legas akwai irin waɗannan cibiyoyi, kamar Rack Centre da wasunsa, Galaxy Backbone ta gwamnati tana da cibiya a Abuja da Kano, Starlink mai intanet ta tauraron ɗan adam ya shigo a 2023, a farkon 2025 kuma Amazon ya fara karɓar naira. Sai dai a kula, karɓar naira daban, yanka farashi da naira daban. Tambayi mai tallan wanne yake nufi, ka sa ya rubuta. Ka tambaye shi kuma nawa za a caje ka ranar da za ka kwashe bayananka ka koma wani wuri, ka lura da yadda zai amsa.

Bara na je Gusau duba injin reshe. Na tarar Baba ya sa wani yaro yana koya masa duba lissafi a waya, littafin kuma yana nan a gefensa, sabo, an rubuta shekara a bango. Na ce, "Baba, har yanzu?" Ya ce in ƙara masa biro ja cikin kayan ofis na wata mai zuwa, nasa ya kusa ƙarewa. Na rubuta a takarda, guda biyu.