Godiya ga waɗanda suka halarci taronmu kan tarihin Tabitha Brown

Alhamdulillahi, taron da muka shirya a Forest Grove ta jihar Oregon a Amurka ya gudana lafiya. Ni da 'yan'uwa ɗalibai muna miƙa godiya ga duk wanda ya bar aikinsa ya zo, da wanda ya bi mu ta waya daga nesa. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Godiya ta farko ta ma'aikatan ɗakin adana takardu ce. Haƙurinsu da tambayoyina ya ba ni kunya. Su suka nuna mini wasiƙar da Tabitha ta rubuta wa danginta a 1854, wadda kusan duk abin da na faɗa game da tafiyarta daga cikinta na samo shi.

Da yawa kun ce in rubuta tarihin saboda waɗanda ba su samu zuwa ba, to ga shi a gurguje. An haife ta a Brimfield ta jihar Massachusetts a 1780. Ta auri wani limamin coci, Clark Brown, ya rasu a 1817 ya bar ta da marayu, ta riƙe su da koyarwa. Daga baya suka koma Missouri. A 1846, tana da shekara 66 kuma tana ɗingishi, ta hau amalanken shanu zuwa Oregon tare da ɗanta Orus, da 'yarta Pherne da mijinta Virgil Pringle da jikoki, da ɗan'uwan marigayi mijinta, John Brown, wanda ya girme ta. Ɗaya ɗan nata, Manthano, ya zauna a Missouri.

A hanya aka rabu. Orus ya bi tsohuwar hanya ya isa lafiya. Su Tabitha kuwa aka lallashe su suka bi sabuwar hanyar kudu ta Applegate, wai ta fi sauƙi. Shanu suka mutu, abinci ya ƙare, amalanken ya salwanta da kayan cikinsa. Har ta kai ta wuce gaba a kan doki ita da tsohon nan John, shi kuma rashin lafiya ta gigita shi ya faɗo daga doki, ta kwana a daji tana gadinsa. Orus ne ya taro su da guzuri. Ranar Kirsimeti ta 1846 ta shiga Salem.

Wurin da zauren ya yi tsit shi ne labarin safar hannu. Ta ji wani abu a yatsan safarta, ta duba, ashe tsabar kuɗi ce ta senti 6 da kwata. Iyakar jarinta ke nan. Ta sayi allura 3, ta yi musayar tsofaffin tufafinta da jemammiyar fatar barewa a wurin matan 'yan asalin ƙasar, ta riƙa ɗinka safar hannu har ta tara dala 30. A 1848 ita da wani limamin coci, Harvey Clark, suka buɗe makarantar marayu a nan garin, wadda ta zama Tualatin Academy a 1849, sannan Pacific University a 1854. Ta rasu a Salem a 1858, majalisar jihar kuma ta ba ta laƙabin Uwar Oregon a 1987. Ni dai riƙon marayun nan ya fi tafiyar burge ni.

Godiya ta musamman ga baiwar Allah da ta miƙe ta tambaya: ƙasar wa aka zo aka zauna? Tambayar ta dace. Ƙasar mutanen Kalapuya ce, kuma a 1856, Tabitha na da rai, aka kwashe su zuwa Grand Ronde, yankin da gwamnati ta keɓe wa 'yan asalin ƙasar. Mun yi alkawarin zama na gaba zai kasance a kansu.

Ga waɗanda suka jera kujeru, da waɗanda suka kwashi baƙi a motocinsu zuwa kabarinta a Salem cikin ruwan sama, ban da abin biyanku. Allah Ya bar zumunci, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.