Sa'o'i Bakwai a Birnin Palermo

Jirgin ƙasa ya sauke ni a Palermo, babban birnin tsibirin Sisili da ke kudancin Italiya, da misalin ƙarfe tara na safe, kuma sa'o'i bakwai kacal nake da su kafin in koma masaukina. Da yake tsohon garin ba shi da nisa da tasha, sai na yanke shawarar takawa da ƙafa, na ratsa ta kasuwar Ballarò, inda masu kifi da kayan marmari suke ɗaga murya suna tallar hajarsu, 'yan Afirka ta Yamma da 'yan Bangaladash kuma suna kasa tasu a gefe guda. A nan na karya kumallo da wani soyayyen abu na garin wake da suke kira panelle. Na so in ɗanɗana burodin da ake cusa wa saifar saniya, wanda garin ya yi suna da shi, amma da aka shaida mini cewa da kitsen alade ake soya saifar, sai na haƙura.

Abin da ya kawo ni shi ne fadar sarakunan Normawa, wato Turawan da asalinsu daga arewacin Faransa ne, musamman ƙaramin cocin da ke cikinta, wato Cappella Palatina. Musulmi da suka tsallako daga Tunisiya sun ci wannan birni a shekarar 831, suka riƙe shi har zuwa 1072 lokacin da Normawa Kiristoci suka karɓe shi, sai dai sababbin sarakunan ba su kori magina da malaman da suka tarar ba, sun ja su a jiki ne suka ci moriyarsu. Sarki Roja na Biyu, wanda aka naɗa a 1130, shi ya sa aka gina cocin, kuma duk wanda ya shiga zai ga hannu iri-iri a wuri ɗaya. Bangon an lulluɓe shi da ƙananan duwatsu masu ruwan zinare irin aikin Girkawa, rufin kuwa katako ne da aka sassaƙa kamar saƙar zuma, irin adon da aka saba gani a gine-ginen Musulmi, an zana masa makaɗa da 'yan rawa, an kuma kewaye shi da rubutun Larabci. Na daɗe ina ɗaga kai har wuyana ya ƙage, kuma a ganina rufin nan kaɗai ya isa ya biya wahalar tafiyar. A fadar wannan sarki ne malamin nan Al-Idrisi ya kammala taswirarsa ta duniya a 1154, wadda ya sanya kudu a samanta, ya kuma ambaci tsofaffin daulolin Gana da Kanem a bayanin ƙasashen baƙar fata.

Daga fadar na gangara babban titin da mutanen gari suke kira Cassaro, sunan da ya samo asali daga kalmar Larabci al-ƙasr, wato fada, har na isa babbar majami'ar birnin. An gina ta a 1185 a gurbin babban masallacin Juma'a, wanda shi ma a kan wani tsohon coci aka kafa shi. A barandar shiga, ta ɓangaren hagu, akwai wani ginshiƙin dutse da aka sassaƙa masa aya ta 54 ta Suratul A'araf, wadda take magana a kan halittar sammai da ƙasa cikin kwana shida. Ayarin 'yan yawon buɗe ido suna ta wucewa ba tare da sun dube shi ba, ni kuwa na tsaya ina bin haruffan da ido, ina cike abin da ya shige mini duhu da haddar makarantar allo.

A cikin wannan majami'a kabarin Sarki Firedirik na Biyu yake, cikin akwatin jan dutse. Shi jikan Roja ne, ya kuma iya Larabci, amma shi ne ya fara kwashe ragowar Musulmin tsibirin tun daga shekarun 1220, bayan tawayen da suka yi masa, ya kai su garin Lucera a can babban yankin Italiya. Taku kaɗan ne tsakanin kabarin nasa da ginshiƙin mai ayar.

Ban samu zuwa fadar Zisa ba, domin tana wajen tsohon gari, unguwar Kalsa kuwa, wadda Larabawa suka kafa da sunan al-Khalisa, gefenta kawai na raɓa. Ƙarfe huɗu saura kwata ina mararrabar Quattro Canti, don haka na miƙe titin Maqueda da sauri, na cim ma jirgina ana gab da rufe ƙofa.